Yadda ake cajin batirin karaban lafiya da cajar da ta dace da shi

Shekarar da na fara sayen karaban a nan Ingila, wato ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ɗaura wa mota ta ja, na kai shi wurin ajiya a ƙarshen Oktoba na kulle, ban sake leƙa shi ba sai Maris. Da na buɗe ƙofa na danna makunni, fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na auna batirin, mita ta nuna 10.5V, wato bolt 10.5, ƙasa sosai ga batirin 12V. Na ɗauke shi zuwa gida, na jona masa wata tsohuwar cajar mota da ke gareji, na bar shi kwana biyu. Ranar da na koma, jikinsa ya yi zafi rau, gefensa ya kumbura, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ko'ina. Allah ne ya tsare, babu abin da ya yi tartsatsi a kusa. Wata biyar na bar batirin nan da yunwa, sannan na ɗura masa abin da cikinsa ba zai ɗauka ba. Yawancin baturan karaban da ake zubarwa ba tsufa ne ya kashe su ba, waɗannan abubuwa biyu ne.

Batirin karaban da na mota kamanninsu ɗaya, amma aikinsu ya sha bamban. Na mota wuta mai yawa yake bayarwa cikin ɗan lokaci ya tayar da inji, nan take inji ya mayar masa da abin da ya kashe. Na karaban kuwa a hankali yake aiki dare da rana: fitilu, famfon ruwa, talabijin, fankar hita, cajin waya. Shi ya sa ake yi masa farantan dalma masu kauri, don ya jure a zuƙe shi a sake cika shi sau da yawa. Duk da haka juriyar tana da iyaka. Batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, don haka mai 100Ah a rubuce (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka), abin da za ka mora ba tare da ka cuce shi ba kusan 50Ah ne.

Ka fara da karanta jikin batirin

Kafin ka taɓa caja, sunkuya ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. Abu biyu kake nema: irinsa da girmansa. Akwai mai ruwa wanda ake buɗe murafensa a ƙara masa tataccen ruwa, akwai mai ruwa amma rufaffe, akwai AGM wanda ruwansa ke jiƙe a cikin wani auduga na gilashi, akwai na jel, sai kuma na litiyam da za ka ga an rubuta masa LiFePO4. Girma kuwa shi ne lambar da ke kafin Ah, yawanci tsakanin 75 da 110. A baturan da ake sayarwa a Birtaniya za ka iya ganin tambarin NCC, ƙungiyar masu sana'ar karaban, da harafin A ko B ko C. Mai A na wanda ke yada zango a inda babu wutar jonawa ne, B na mai jona wuta amma yana amfani da injin nan da ke gyara wa karaban fakin, C kuma na ƙaramin aiki.

Dalilin wannan karatu shi ne kowane iri da ƙarfin wutar da yake karɓa. Mai ruwa yana cika a wajen 14.4V. AGM da yawa suna son a kai su 14.7V. Jel ya fi kowa tsoron yawan wuta, tsakanin 14.1V da 14.4V yake tsayawa, kuma in aka wuce masa sai kumfa ta ɓata jel ɗin, ba ya gyaruwa. Litiyam yana karɓar 14.2V zuwa 14.6V, gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta. Ratar ba ta kai bolt guda ba, amma ita ce ke raba batirin da zai yi maka shekara biyar da wanda zai mutu a ta biyu. Idan abin da ke takardar kamfani ya saɓa da lambobin nan nawa, bi na kamfani.

Cajar da ta dace

A nan ne mutane suka fi yin ganganci, don haka zan ɗan tsaya. Tsohuwar cajar mota irin wadda na yi amfani da ita ba ta san batir ya ƙoshi ba. Tura wuta kawai take yi har sai an cire ta, ruwan batir ya yi ta tafasa yana ƙonewa. Abin da kake buƙata shi ne caja mai ƙwaƙwalwa, wadda ke yin caji hawa-hawa. Da farko tana ba da iyakar ƙarfinta har batir ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari. Daga nan sai ta riƙe bolt a wuri guda, amfiya, wato yawan wutar da ke shiga, tana raguwa da kanta har ya cika. In ya cika ta sauko zuwa tsakanin 13.5V da 13.8V ta riƙa lallaɓa shi, ko ta tsaya tana dubansa lokaci-lokaci. CTEK da Victron da NOCO duk suna yin irinta, kuma akwai masu rahusa da ke aiki. Suna bai dame ni ba, abin da nake dubawa shi ne a jikinta akwai zaɓin irin batirina.

Wajen ƙarfi, ƙa'idar da ba ta ba ni kunya ba ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir. Mai 100Ah ko 110Ah, nemi caja mai amfiya 10. Mai amfiya 5 ma za ta cika shi, sai dai ka shirya jiran yini da kwana. 'Yar ƙaramar nan mai amfiya ɗaya ko ƙasa, ta babur, ba ta cika batirin da ya sauka, riƙe cikakke kawai take iyawa. Mai amfiya 30 ko 40 a kan ƙaramin batirin dalma kuwa zafi za ta haɗa maka.

Wani zai ce ai karaban yana da caja a cikinsa, da an jona wutar sansani, wato lantarkin filin yada zango mai 230V, shi ke nan. Gaskiya ne, kuma sababbin karaban da yawa cajarsu mai hawa-hawa ce. Amma tsofaffi da dama 13.8V suke bayarwa ba sama ba ƙasa, domin an yi su ne su ciyar da fitilu da famfo. Wannan zai riƙe batir, ba zai cika shi taf ba. Haka cajin da ake samu daga mota lokacin ja ta soket mai ƙafa 13: wayar tana da tsawo, wuta na raguwa a hanya, sababbin motoci kuma suna rage ƙarfin caji don tsimin mai. Kada ka dogara da shi sai in ka sa na'urar da ke daidaita caji daga batir zuwa batir. Ni dai bayan kowace tafiya, ko ta kwana biyu ce zuwa Wales, sai na ba batirin caji na musamman da cajar gida.

Mai litiyam ya kula da abu biyu. Kada ka danna masa maɓallin farfaɗo da batir, wanda wasu cajoji ke rubuta wa Recond, domin yana hawa sama da 15V, na batirin dalma mai ruwa ne kaɗai. AGM da jel ma ba a yi musu shi sai kamfani ya yarda. Na biyu, ba a cajin litiyam in sanyi ya kai 0°C ko ƙasa, sai in yana da abin ɗumama kansa a ciki. Na'urar tsaro da ke cikinsa takan hana, amma ba kowace ce ke da wannan ba.

Wuri da shiri

Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, musamman dab da cika. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi guda ya isa ya fasa batirin ya watsa asid. Saboda haka nemi wuri mai iska: gareji da taga a buɗe, ko rumfa da ruwan sama ba ya shiga. Ba ɗakin kwana ba, ba kicin ba, ba kusa da tukunyar gas ko hita ba, kuma ba inda yara ke wasa ba. Babu sigari, babu ashana. Ɗora shi a kan katako ko faranti na roba a wuri mai lebur, cajar kuma ka ajiye ta gefe iyakar tsawon wayarta. Kada ka ɗora ta a kan batir.

Cire agogo da zobe. Zoben azurfa in ya haɗa kan batir da sifana zai yi ja cikin ƙiftawar ido ya ƙona yatsa har ƙashi. Sa safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido, ka ajiye bokitin ruwa a kusa. Idan asid ya taɓa fata, wanke da ruwa mai yawa. In ido ne, ka sa shi ƙarƙashin ruwa mai gudu aƙalla minti 20, sannan a wuce da kai sashen gaggawa na asibiti, kada a tsaya jiran a ga yadda zai yi.

Ana iya caji batir yana cikin akwatinsa, in dai akwatin na da hanyar iska zuwa waje kuma an raba shi da wayoyin karaban. Na fi son fito da shi, don in gan shi ta kowane gefe.

Fito da shi

Kashe komai na cikin karaban, ka kashe babban makunnin 12V, ka zare wayar wutar sansani. Idan kana da sola a rufi, raba farantin da na'urar daidaita caji tukuna, ko ka lulluɓe shi da bargo, domin na'urori da yawa ba sa son rana tana shigo musu babu batir a jone. Mai na'urar bin sawu ko ƙararrawar ɓarayi ya tuna cewa cire batir zai iya tayar da ita, gara ka sanar da kamfanin kafin su kira ka.

Yanzu kwance baƙar waya, mai alamar ragi, ita ce farko. Sannan ja mai alamar tarawa. Hikimar ita ce da zarar baƙar ta fita, ko sifana ta goga wani ƙarfe yayin da kake kwance jar, babu hanyar da wuta za ta zagaya. Kada ka taɓa ajiye sifana a saman batir. Zare ɗan bututun iska in akwai, ka kwance maɗauri, ka ɗaga shi a miƙe da hannu biyu. Mai 110Ah yakan kai kilo 25 ko fiye, ka durƙusa ka ɗauka da ƙarfin ƙafa, ba da baya ba.

Duba shi kafin ka ba shi wuta

Juya shi ka duba. Tsagewa, kumburi, yoyo, ko kan da ya narke, duk ɗaya daga ciki ka gani, magana ta ƙare, wannan ba na caji ba ne. Idan daga sanyi mai tsanani ka ɗauko shi, bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi, domin batirin da ya zube ruwansa yana iya daskarewa, kuma cajin daskararren batir haɗari ne. Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kawunansa, goge shi da burushi da ruwan bekin soda. Jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana kashe kaifin asid. Ka dai tabbata ko ɗigo bai shiga cikin batirin ba, sannan ka share ya bushe.

In mai murafe ne, buɗe ka haska da tocila. Ruwa ya kamata ya rufe farantai. Inda ka ga faranti a waje, ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, daidai yadda zai rufe shi kawai. Kada ka cika har baki yanzu, ruwan yana ƙaruwa in caji ya kama, zai yi ambaliya. Ba a zuba ruwan famfo, ba a ƙara asid. Mayar da murafen ka tabbata ƙofofin iskarsu ba su toshe ba. Rufaffen batir da AGM da jel ba a ɓalle su ko da wane dalili.

Sai awo. Saita mita a kan 20V na wutar batir, jan tsinke a kan tarawa, baƙi a kan ragi. Awon ba ya faɗin gaskiya sai batir ya huta aƙalla awa huɗu babu caji babu aiki. A batirin dalma, 12.7V ko sama cikakke ne. In ya sauko 12.4V yana neman caji yau, ba gobe ba. Wajen 12.2V rabi ya tafi ko fiye. Daga 12V zuwa ƙasa ya zube, kuma kowace rana da ya ƙara a haka wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa yana cinye ƙarfinsa. Litiyam ba ya bin wannan lissafi, yakan zauna wajen 13.2V zuwa 13.3V kusan duk tsawon aikinsa, sai ka duba manhajarsa ko na'urar ƙidayar amfiya.

Lambar 10.5V tana da nata labari. Batirin 12V ɗakuna shida ne, kowanne da kusan 2.1V. In ɗaki guda ya mutu, biyar ne suka rage, jimla wajen 10.5V. Caja za ta yi ta tura wutar ɗaki shida cikin biyar, su yi ta tafasa. Abin da nake kyautata zaton ya sami nawa ke nan. Don haka batirin da ya nuna haka, in za ka gwada shi, kada ka matsa daga wurin.

Jonawa

Cajar tana zare daga bango tukuna. Maƙala jan baki a kan tarawa, sannan baƙi a kan ragi, ka ɗan girgiza su ka ji sun kama ƙarfe sosai. Sake duba alamomin da ke jikin batir da idonka, kada ka dogara da launin murfi ko gefen da ka saba, domin ba duk batura ne kawunansu ke gefe ɗaya ba. Sai yanzu ka sa fulogi a soket ka kunna. Zaɓi irin batirinka a jikin caja, ka tsaya har ka ga fitilar caji ta kama. In fitilar kuskure ce ta fito, kashe daga bango kafin ka taɓa bakunan.

Awar farko ta fi kowace muhimmanci. Leƙa bayan minti 15, ka sake leƙawa bayan rabin awa, kana ɗora bayan hannu a gefen batirin. Ɗumi kaɗan ba komai. Zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, ko ƙarar tafasa mai ƙarfi, ko warin ruɓaɓɓen ƙwai, to kashe daga bango, buɗe ƙofofi, ka fita. Wannan warin na wata iska ce daban mai guba. Kada ka zare bakunan caja a lokacin, bari iska ta wanke wurin tukuna. Wani abin lura: ƙararrawar hayaƙi mai guba da ke cikin karaban takan yi kuka in batir yana tafasa, domin haidurojin na ruɗa ta. In ta yi kuka ku fita waje, a duba kayan gas, a duba batir ma.

Tsawon lokaci lissafi ne mai sauƙi. Batir mai 100Ah da ya sha rabi yana bin bashin 50Ah. Caja mai amfiya 10 a takarda awa biyar ce, amma hawa na biyu yana tafiya a hankali, ka sa ran awa takwas zuwa goma. Kada ka cire don ka ga ya kai 14V da wuri, wannan ba cika ba ne, farkon hawa na biyu ne. Jira cajar da kanta ta nuna ta gama. Cire batir a kashi 80 kullum yana cikin abubuwan da ke rage masa kwana. Na fi son farawa da safe don mafi yawan aikin ya wuce ina farke.

In ya cika, bi hanyar da ka zo a juye: kashe soket, zare fulogi, ɗan jira, cire baƙi, sannan ja. Mai murafe, yanzu ne za ka cika ruwa zuwa alamar da aka yi. Bar shi ya kwana, da safe ka auna. In ka ga 12.7V ko kusa, madalla. Sake aunawa bayan kwana uku ko huɗu ba tare da ka jona masa komai ba. Wanda ya gangaro ƙasa da 12.4V shi kaɗai ya gaji, fara tanadin sabo.

Wajen mayarwa, ɗaure shi kada ya motsa a hanya, mayar da bututun iska, jona ja tukuna, baƙi a ƙarshe. Shafa ɗan man Vaseline a kawunan bayan ka ɗaure, ka duba fiyus ɗin da ke kusa da jar waya, sannan ka mayar da sola.

'Yan'uwa da ke Kano ko Maraɗi masu inbata da sola, baturanku masu dogayen murafe dangin wannan ne, kuma duk abin da na faɗa ya shafe su. Bambancin shi ne mu sanyi muke yaƙi da shi, ku zafi. Zafi yana saurin ƙone ruwan batir yana rage masa kwana, don haka a watannin bazara a riƙa duba ruwa akai-akai, kuma kada a kulle batir a ɗakin da ba taga. Fiya wata ba ruwan batir ba ne. Ramin 12V da ke jikin ƙananan janareta yawanci ba ya daidaita wuta, gara a jona caja mai ƙwaƙwalwa a soket ɗin janaretan.

Lokacin hunturu, in karaban zai zauna, cika batirin taf kafin ka ajiye, ka raba shi da wayoyi, domin rediyo da ƙararrawa suna tsotsarsa ko an kashe komai. Nawa gida nake kawo shi, in ajiye a wuri busasshe mai sanyi-sanyi, in auna shi duk bayan sati huɗu zuwa shida, da ya kusa 12.4V in jona masa caja. Litiyam shi kuma ba a ajiye shi a cike taf na tsawon watanni, tsakanin rabi da kashi 80 ya fi masa. Wanda ya mutu kada a sa shi a kwandon shara ko a bar shi a bayan gida, dalma da asid ne a ciki. Wurin karɓar tsofaffin kaya na ƙaramar hukuma yana amsa, shagunan batir da yawa ma suna karɓar tsoho in ka sayi sabo. Ka ɗauke shi a miƙe cikin roba, ka naɗe kawunansa da salatif kafin ka sa a but.